Kalangun da Ya Je Shikago

Mu a gidanmu Ankara muke cewa, ba Accra ba. Haka kakanninmu fatake suka kira ta, haka Inna take kiranta har gobe, kuma duk ranar da na faɗa a wurin aiki sai an sami wanda zai tambaye ni ko Turkiyya za ni. Bikin 'yar baffana ne ya kai ni. Baffan nan ya bar Kano tun ban yi wayo ba, ya sauka a unguwar Nima, ya yi aure ya hayayyafa. Ban je neman wani makaɗi ba. Hasali ma, in akwai abin da na shekara arba'in ina gudu, to kiɗa ne.

Kakana makaɗin kalangu ne, na mahauta. Mahaifina ya yar da sana'ar ya kama keken ɗinki, amma yarwar ba ta hana yaran makarantarmu kirana jikan maroƙa ba. Ina ɗan shekara tara tsohon ya soma ɗora mini kalangu a hammata, ya koya mini take biyu ko uku, sai mahaifina ya gani ya ce kada ya ƙara. Kalangun yana nan rataye a ɗakin Inna, tsarkiyarsa ta bushe, kuma rabona da taɓa shi tun rasuwar mai shi.

Hanya ba ta da wani labari mai daɗi. Motar dare daga Kano zuwa Legas, sannan iyaka uku a jere kafin a taka ƙasar Ghana ta Aflawo. Tsakanin Legas da Ankara bai kai kilomita 500 ba, amma ya cinye mana wuni cur. A ɗaya daga cikin iyakokin wani ya riƙe katina na rigakafin shawara yana juya shi gaba da baya kamar mai duba ƙasa, har sai da na gane karatun da yake nema. Abin da ya biya ni wahalar shi ne Lome, inda titi yake bin bakin teku, itatuwan kwakwa suna jere, kana zaune a mota kana ganin igiyar ruwa tana dukan rairayi. Muka haye kogin Volta a Sogakope, masu burodi suka yanyame tagogi, da almuru muka sauka a tashar Tudu. Sunan kaɗai ya sa na ji kamar ban yi nisa ba.

A Nima kuwa Hausa ce ta tarye ni, sai dai Hausar da ta sha iskar teku. Ba su cika raba mace da namiji a magana ba. Da baffa ya ce mini "matana ya tafi kasuwa" sai da na ɗaga kai na dube shi, ashe shi ma harshen ya juya. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da suke kira waakye, da dare tuwo da miyar ayoyo. Ran Juma'a muka yi salla a babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021, mai ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi irin na Santambul, don Turkawa ne suka gina shi. Na ce wa baffa ga shi nan dai, Ankara ta zama Ankara.

Ranar wunin biki aka kafa rumfuna a lungu, makaɗa uku suka iso. Biyu da kalangu, wanda a can suke ce wa dondo, ɗaya da ganga a rataye. Na ja kujerata can gefe kusa da wani tsohon tela, maƙwabcin baffa, wanda idonsa ya soma rauni. Ban san ina buga yatsu a gwiwata ba sai da ya kama hannuna.

"Bakano, hannun nan na gado ne. Wa ke kiɗa a gidanku?"

Na ce, "Babu kowa, Baba." Ya yi shiru yana riƙe da hannun, har kunya ta sa na ce, "Kakana ne, ya rasu."

"To me na ɓoyewa? Ka san abin nan da yaron can yake matsewa a hammata ya je Amurka? Wani ɗan garin nan ne ya kai shi, tun kafin Ghana ta sami 'yanci. Guy Warren. Daga baya ya koma Kofi Ghanaba."

Ban taɓa jin sunan ba. Ɗan baffana, matashi mai ɗauke da waya kullum kamar carbi, ya ce shi ma a sama-sama ya san shi. A daren muka zauna a kan dakali ya lalubo mana faifansa na farko a intanet, muka raba abin kunne, kowa ya sa ɗaya. Sunan faifan Africa Speaks, America Answers, wato Afirka na magana, Amurka na amsawa. Kamfanin Decca ne ya ɗauke shi a 1956. Da farko na ji fiyano da ƙahonnin Turawa, abin da ban saba da shi ba. Can sai ga wata murya ta kutso daga ƙasa, tana hawa tana sauka, a matse ta ta yi siriri, a sake ta ta yi kauri. Tsigar jikina ta tashi. Ko a cikin barci aka kaɗa mini wannan na san ko mene ne.

Na ce wa yaron, "Gobe ina za mu fara?"

Ya ce, "Yaya, kai da ka zo biki?"

Muka fara da tsohon gari, wajen Jamestown, inda kabilar Ga suke, masu asalin Ankara. Akwai hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari, kwale-kwalen masunta birjik a ƙasa, warin kifi mai ƙyafe ya cika ko'ina. Cikin mutanen nan aka haifi Guy Warren ranar 4 ga Mayu 1923. Mahaifinsa shugaban makaranta ne, ya raɗa masa Warren Gamaliel don sha'awar shugaban Amurka na lokacin, Warren Gamaliel Harding, sunan gidansu kuma Akwei. Ka ga tun ran suna aka ɗaura masa Amurka a wuya. Ya shiga kwalejin Achimota a 1941 don ya zama malami, amma a 1943 ya ajiye karatu. Yaƙin duniya na biyu ya cika Ankara da sojojin Amurka da Ingila, sun zo da fayafayansu da kayan kiɗansu, shi kuma ya kama aiki da hukumar leƙen asirin Amurka ta wancan zamani. Bayan nan ya taɓa aikin jarida, ya gabatar da shirin jaz a rediyo, a 1947 kuma ya zama mai ganguna a ƙungiyar Tempos tare da E.T. Mensah, wanda daga baya aka naɗa sarkin hailaif, kiɗan rawa na Ghana.

Ga wanda bai san jaz ba, kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka da ya tsiro a New Orleans a farkon ƙarni na 20. Ana ɗauko waƙa a kafa ta, sannan kowane makaɗi ya fita shi kaɗai ya sarrafa ta yadda ransa ya ba shi nan take, sauran suna tallafe da shi. Mai ganguna a zaune yake, gaɓoɓinsa huɗu duk suna aiki. Ƙafar dama tana taka babbar ganga, ta hagu tana haɗa wasu faya-fayan tagulla biyu, hannaye suna yawo tsakanin ƙananan ganguna da wani babban faifan tagulla da ke riƙe da lokaci. Aikin da a wajenmu mutum uku ko huɗu za su raba, can mutum ɗaya ne. Wannan Guy Warren ya koya, kuma ya iya.

Ya je Landan a 1950, ya yi shirye-shirye a BBC, ya yi kiɗa da ƙungiyar Kenny Graham, ya komo wa Tempos da kayan kiɗan Kuba da waƙoƙin kalifso. Ya yi 'yan shekaru yana sa fayafayai a gidan rediyon Laberiya. A tsakiyar shekarun 1950 ya dira Shikago, ya haɗu da wani mai fiyano, Gene Esposito, wanda da shi suka yi faifan nan da muka ji a kan dakali.

A nan ne labarin ya kama ni. Ya faɗa da bakinsa daga baya cewa ya duba ya ga zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya zama kwaikwayon banza na irin su Buddy Rich, gwanin gangunan jaz, ko ya buga abin da su ba za su iya ba. Sai ya ɗauko kalangu. Ka tuna zamanin. Afirkar da Ba'amurke ya sani a lokacin ita ce ta sinima, daji da mashi da ihu. Ga wani baƙo ya zo da mayafin kente a kafaɗa da 'yar ganga a hammata, yana gaya wa manyan makaɗan jaz cewa kiɗansu ya baro gida, shi ya zo ya nuna musu hanya. Ya sadu da Charlie Parker, gwanin ƙaho, a farkon 1955, har akwai hoton Parker ya yafa tufar Ghana. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Maris, Parker ya mutu. Ya san Thelonious Monk mai fiyano, ya san Max Roach mai ganguna, ya koma New York, ya yi wani faifan da kamfanin RCA mai suna Themes for African Drums. An yi masa tafi, an kira shi wurare. Amma amsar da sunan faifansa ya yi alkawari ba ta zo yadda ya so ba.

Kwana na uku muka hau trotro, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, daga tashar Circle, muka nufi Medie a kan hanyar Nsawam, ƙauyen da ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa. Yaron mota yana rataye a ƙofa yana kiran sunayen tashoshi yana bubbuga jikin mota da kwabo, mu kuma a kujerar baya gwiwa ta haɗe da ƙirji. Muka wuce Achimota, muka bi ta ƙarƙashin gadar Pokuase mai hawa huɗu, muka wuce Amasaman. Duk hanyar faifan yana kunnena, ina ta juya abu ɗaya a raina.

Kalangu ba sauti kawai yake yi ba, magana yake. Hausa tana da hawa da saukar murya, haka Yarbanci, haka Ga da Twi na Ghana, shi ya sa fata da tsarkiya suke iya bin kalma su fitar da ita. In kakana ya tsaya a bakin kasuwa ya kaɗa taken wani mahauci, mutumin yana can cikin rumfa zai ajiye wuƙa ya fito, don an kira sunansa da na ubansa a gaban jama'a. Ba wanda ya buɗe baki, amma kowa ya ji. To ɗauki wannan ganga ka kai ta gidan rawa a Shikago. Duk abin da ta faɗa, mutanen wurin wani sauti ne mai ban sha'awa suka ji. Ina ganin wannan ne ciwon Guy Warren. Ya kai musu mai magana, suka karɓe shi a matsayin kayan ado.

Ba wai ba su ɗauki komai ba. Sun ɗauka, har da riba. Wata waƙarsa daga faifan farko, wadda aka sani da That Happy Feeling, Bajamushe Bert Kaempfert ya sake ta a 1962 ta zaga duniya, mutane da yawa suna jin ta ba su san ta ɗan Ankara ce ba. A shekarar dai Art Blakey, mai gangunan jaz, ya buga wata waƙar tasa, Love, the Mystery Of, a faifansa The African Beat, tare da Solomon Ilori, Bayarabe mai kalangu. Blakey ɗin nan shi ma abin kallo ne. Ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ya cika fayafayansa da gangunan Afirka, amma kuma shi ne yake cewa jaz kiɗan Amurka ne, ba ruwansa da Afirka. Randy Weston mai fiyano ya daɗe yana buɗe wasanninsa da Love, the Mystery Of ɗin nan. Max Roach kuwa sai a shekarun 1970 ya fito ya amsa cewa Ghanaba ya yi musu nisa a lokacin, ba su gane abin da yake faɗa ba. Amsa ta zo, amma bayan mai tambaya ya tattara kayansa ya koma gida da shekaru.

Kada in yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Mutum ne mai ji da kansa, mai kaifin harshe, kuma littafin da ya fitar a 1962, I Have a Story to Tell, bai bar wa kowa ta daɗi ba. Fayafayan nasa ma ba duka suka shige ni ba. Akwai wuraren da na ji kamar an cusa ihu da kururuwa don a gamsar da Baturen da ya sayi faifan yana neman daji. Ɗan baffana ya cire abin kunnensa tun a Pokuase ya ce shi kam a bar shi da waƙoƙin zamani.

Da ya dawo Ghana sai ya ja jikinsa. Ya kama addinin Buddha, ya tara littattafai da fayafayai da takardu, ya rage fita. A 1974 ya yar da sunan Warren ya zama Ghanaba, ɗan Ghana. Ya yar da gangunan Turawa ma. Ya ɗauko fontomfrom, manyan gangunan sarautar kabilar Akan, waɗanda matsayinsu yake kamar na tambari a fadojinmu, ya kwantar da biyu a ƙasa ya sa musu abin takawa da ƙafa, ya jera wasu a tsaye kewaye da shi. Wato ya riƙe zaman makaɗin jaz, amma ya sauya bakin da ke magana. Da waɗannan ya buga Hallelujah ta Handel, waƙar cocin Turawa ta ƙarni na 18, shi kaɗai a kan fata. Na kalli hoton bidiyonsa: tsoho, farin gemu, ƙirji a buɗe, ganguna sun kusa rufe shi. Sai na tuna a wajenmu ba kowa ke taɓa tambari ba, kuma ba a kaɗa shi don nishaɗi. Sai mai ƙarfin hali irin nasa.

A Medie muka sauka cikin rana tsaka. Gari ne da birni yake haɗiyewa, bulo da kwano sababbi ta ko'ina, masu sayar da fili sun kafa alluna. Muka tambayi mai shago, bai san sunan ba. Muka tambayi masu babur, ɗaya ya ce ko wani fasto muke nufi. Wata tsohuwa mai gasa ayaba ce ta daina fifita wuta ta ce, "Mai ganga?" Ta yi kwatance da hannu, ɗan baffana yana fassara mini daga Twi, muka bi wata jar hanya, muka karya dama, muka karya hagu, muka ɓulla bayan wani coci. Muka sake tambaya aka mayar da mu inda muka fito. Har la'asar muna zagaye. Na yi salla a gindin wani mangwaro, muka sayi ruwan leda, muka hau motar komawa ba mu ga gidan ba. Yaron yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya ɓoye shi.

Cape Coast ban samu zuwa ba, kuɗin mota da kwanakin biki ba su bari ba. Can ne, a tsohon gidan da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgi, Haile Gerima ɗan Habasha ya ɗauki fim ɗinsa Sankofa na 1993, inda Ghanaba ya fito jikinsa shafe da farar ƙasa yana kiran ruhin waɗanda aka tafi da su. Yawancin waɗanda suka san fuskarsa a waje ta nan suka san ta.

Teshie kuwa na je, don tana kusa, gabas da birni a bakin teku. Nan ne kafintocin Ga suke sassaƙa akwatin gawa da siffar sana'ar mamaci. Na shiga wani shago na tsaya baki buɗe. Ga kifi mai tsawon mutum an yi masa fenti har da ƙaya, ga jirgin sama, ga barkono ja, ga kwalbar lemo, ga Marsandi da lambarta. Masunci a kifi, direba a mota. Ni da na taso a inda ƙyalle fari da makara suka ishi sarki da talaka, sai da na yi ta'awizi a zuci, sannan kuma na kasa daina kallo, don aikin hannu ne na gaske. Ghanaba ya rasu ranar 22 ga Disamba 2008 yana da shekara 85, kuma a cikin ganga aka binne shi, akwati mai siffar fontomfrom da aka sassaƙa a shagon Kane Kwei na nan Teshie. Na tsaya ina tunanin kakana, wanda aka rufe da safe, da azahar aka rataye kalangunsa a ƙusa, ba wanda ya ƙara ambatar sana'arsa a gidan sai da rada.

A mota ɗan baffana ya karanto mini cewa Tony Allen, mai gangunan Fela, wanda mahaifiyarsa 'yar Ghana ce, yana lissafa Guy Warren cikin waɗanda ya koya daga gare su, tare da Blakey da Roach. Ya ce, "Ka ga, Yaya, ashe ta Legas amsar ta biyo." Na ce ya bari sai mun sauka, kaina yana ciwo.

Daren da zan taso aka yi ɗan ƙwarya-ƙwaryan zama a ƙofar gidan baffa, makaɗan bikin suka dawo karɓar sallama. Tsohon tela yana kan bencinsa. Ya kira babbansu ya yi masa magana a kunne, sai ga mutumin ya nufo ni ya cire maratayi daga kafaɗarsa ya miƙo mini kalangu da gulka.

Na ce, "Baba, shekara arba'in fa."

Ya ce, "Hammata ba ta mantuwa. Karɓi."

Ya fi na kakana nauyi kaɗan, tsarkiyar tana da laushi, tana warin man kaɗe da gumi. Bugun farko ya fito kamar tari, yara suka kwashe da dariya, baffa ya sunkuyar da kai. Na gyara riƙo, na matsa da damtse, na saki. A karo na uku sai hannuna ya kama taken mahauta da tsohon ya fara koya mini, ban ma san yana nan ba. Na maimaita shi sau biyu, da gargada.

A tsallaken lungu akwai mai tsire, wanda tun zuwana nake sayen nama a wurinsa ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Yana cikin yanka albasa ya tsaya cak. Ya ɗago, ya leƙo ta cikin hayaƙi yana neman inda kiɗan yake fitowa, sannan ya ɗaga wuƙarsa sama ya yi kuwwa da Sakkwatanci tsantsa: "Wane na wanga? Ɗan gidan wa?"

Na rasa abin da zan ce masa. Ya goge hannu a riga, ya zaro tsinke huɗu daga bakin wuta, ya barbaɗa yaji, ya naɗe a takarda, ya tsallako da kansa ya ajiye a gabana. Na sa hannu a aljihu, ya harare ni.